Sanarwar Bayan Taro Kan Zoben RNA Da Cututtukan Fata

Gabatarwa

Ƙungiyarmu ta likitocin fata da masana ɗakin gwaje-gwaje ta kammala zamanta na ilimi, wanda ta keɓe wa batu guda: zoben RNA, da rawar da zai iya takawa wajen gano cututtukan fata da magance su. Likitocin fata sun halarta, da masu duba tsoka a madubin likita, da masu harhaɗa magunguna, da ma'aikatan jinya, da ɗaliban manyan digiri. An kuma gayyaci wakilan zabiya da na masu fama da ciwon soriyasis, aka zaunar da su a sahun gaba, domin lafiyarsu ce ake magana a kai.

Dalilai biyu ne suka sa aka zaɓi wannan batu. Na farko, rubuce-rubucen masana a kansa sai ƙaruwa suke yi, kuma duk sabon ilimin da ya yi suna, labarinsa kan riga gaskiyarsa isa kunnen marar lafiya. Na biyu, a watan Mayun 2025 Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da ƙudurin da ƙasar Kodibuwa ta jagoranta, wanda ya sanya cututtukan fata cikin manyan al'amuran lafiyar al'umma. Ƙungiya ta ga ya wajaba ta tantance abin da ya tabbata da abin da ake kyautata zato a kansa, sannan ta bayyana matsayinta da harshen da jama'a za su fahimta.

Mene ne zoben RNA?

Umarnin gina jikin ɗan Adam yana ajiye cikin DNA, a tsakiyar kowace ƙwayar halitta. Idan ƙwayar za ta haɗa wani furotin, sai ta kwafi umarnin zuwa RNA, wanda yake kamar zare mai kai da wutsiya. Kafin a yi aiki da zaren, ƙwayar kan yanke sassan da ba a bukata, ta haɗa sauran bi da bi. Wani lokaci kuwa, sai ta ɗauko ƙarshen wani sashe ta ƙulla shi da farkon sashen da ya gabace shi, ko da farkonsa shi kansa. Abin da ke fitowa shi ne zobe, ba kai ba wutsiya. Yawancin sinadaran da ke cinye RNA daga baki suke farawa, kamar yadda tabarma ke fara warwarewa daga gefe. Zobe ba shi da bakin da za a kama, don haka yake daɗewa.

Masu gabatar da maƙala sun bi tarihin gano shi. A 1976 Heinz Sänger da abokan aikinsa a Jamus suka nuna cewa wasu ƙananan ƙwayoyin cutar tsirrai RNA ne mai siffar zobe. A 1986 aka gano haka ma ƙwayar ciwon hanta nau'in D take. A farkon shekarun 1990 an ga irin waɗannan zobba a jikin mutum da na ɓera, amma masana da yawa suka ɗauke su a matsayin kuskuren ƙwayar halitta, aka yi watsi da su kusan shekara ashirin. Sai a 2012 Julia Salzman da abokan aikinta a Jami'ar Stanford ta Amurka suka nuna cewa ɗaruruwan ƙwayoyin gado na mutum suna fitar da zobba. A 2013 wani bincike daga Jami'ar North Carolina ya ƙirga nau'i fiye da 25,000 a cikin ƙwayoyin fatar mutum da ake renonsu a ɗakin gwaji, ya kuma nuna cewa wasu zobban kan haura sa'o'i 48 kafin rabinsu ya lalace, alhali miƙaƙƙen RNA kan lalace cikin 'yan sa'o'i. A wannan shekarar ce mujallar Nature ta buga ayyuka biyu, na Nikolaus Rajewsky a Berlin da na Jørgen Kjems a Jami'ar Aarhus ta Denmak, a kan zoben da ake kira ciRS-7 ko CDR1as. Wannan zobe yana da gurabe fiye da 70 da ɗan ƙaramin RNA mai suna miR-7 ke maƙalewa. Daga nan ƙofar bincike ta buɗe.

Abubuwan da taro ya lura da su

1. Taro ya lura cewa abin da ya fi jan hankali game da zoben RNA a matsayin alamar cuta shi ne juriyarsa. Tun 2015 aka nuna ana samun sa a jini da miyau, da cikin 'yan ƙananan jakunkunan da ƙwayoyin halitta ke fitarwa zuwa jini. Kowane zobe yana da mahaɗa tasa, wato inda aka ƙulla baki biyu, kuma ba a samun irin wannan mahaɗa a miƙaƙƙen RNA, don haka na'urar PCR na iya nemo shi. Mahalarta sun jaddada muhimmancin wannan ga ƙasashe masu zafi, inda samfurin marar lafiya kan yi doguwar tafiya kuma wutar lantarki ba ta da tabbas.

2. A kan soriyasis, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana damun aƙalla mutum miliyan 100 a rahotonta na 2016, taro ya saurari bayanin ayyukan masu bincike na Aarhus. A 2019 sun nuna cewa zobban RNA suna raguwa ƙwarai a fatar da ciwon ya kama idan aka gwada da lafiyayyar fatar mutum ɗaya. A 2022 sun bi marasa lafiyar da ake ba maganin secukinumab, suka ga zobban sun fara komawa daidai tun kafin ido ya ga sauƙi a fata. Wannan ya dace da abin da aka sani cewa ƙwayoyin da ke saurin rabuwa ba sa tara zobba da yawa, kuma fatar mai soriyasis kan sabunta kanta cikin 'yan kwanaki maimakon kusan wata guda.

3. Likitocin fata sun tunatar da taro wata matsala da suke gani kullum. Ma'aunin tsananin soriyasis da ake aiki da shi a duniya yana dogara a wani ɓangare kan jan da fata ta yi. A baƙar fata kuwa ciwon ba ya fitowa ja. Yakan fito ruwan toka, ko ruwan ƙasa mai duhu, ko ya ɗan yi shuɗi-shuɗi. Saboda haka akan raina tsananin ciwon a jikin mutanenmu, ko a rikita shi da wata cutar ƙaiƙayi. Alamar da za a auna a ɗakin gwaji, wadda launin fata bai shafe ta ba, za ta amfane mu fiye da yadda za ta amfani waɗanda suka fara gano ta.

4. A kan ciwon dajin fata, taro ya lura da aikin Michael Sand da abokansa a Bochum ta Jamus a 2016, waɗanda suka fara kwatanta zobban da ke cikin nau'o'in dajin fata biyu da suka fi yawa da na lafiyayyar fata. A 2020 kuma ɗakin binciken Eva Hernando a Jami'ar New York ya buga a mujallar Cancer Cell cewa idan ƙwayoyin dajin fata nau'in melanoma suka daina fitar da CDR1as, sukan ƙara ƙarfin kutsawa da bazuwa cikin jiki, ta hanyar wani furotin mai suna IGF2BP3. Sai dai taro ya ja hankali cewa melanomar baƙar fata ta fi fitowa a tafin ƙafa, da tafin hannu, da ƙarƙashin farce, kuma marasa lafiyarmu kan zo asibiti bayan ta yi nisa. Dajin da ya fi cin 'yan uwanmu zabiya kuwa shi ne wanda rana ke haifarwa a fuska da wuya da kunne.

5. Taro ya saurari bayani kan dajin Kaposi, wanda ya yi yawa a Afirka kudu da Sahara, musamman a tsakanin masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Yuan Chang da Patrick Moore, waɗanda suka gano ƙwayar da ke haddasa shi a 1994, su ne ɗakin bincikensu a Pittsburgh ya nuna a 2018 cewa ita ma ƙwayar tana fitar da nata zobban. A 2019 aka nuna cewa wata ƙwayar cutar daban, HPV nau'i na 16, ita ma tana da zobe mai suna circE7, wanda ake haɗa furotin mai haddasa daji daga gare shi.

6. A kan gyambon ƙafar masu ciwon suga, masu bincike a Cibiyar Karolinska ta Suwidin sun gano wani zobe da ke ƙaruwa a bakin gyambon da ya ƙi warkewa, wanda ke rage wa ƙwayoyin fata saurin tafiya su rufe rauni. Ma'aikatan jinya sun yi doguwar magana a nan, domin su ne ke wanke waɗannan raunuka wata da watanni, su ne kuma ke rarrashin iyali ranar da aka yanke shawarar yanke ƙafa.

7. A kan ciwon lufus, wanda ke taɓa fata da gaɓoɓi da ƙoda, ɗakin binciken Ling-Ling Chen a Shanghai ta ƙasar Sin ya nuna a 2019 cewa zobban RNA kan riƙe wani furotin na garkuwar jiki mai suna PKR su hana shi tashi ba dalili. A jinin masu lufus zobban sun ragu, PKR kuma ya yi yawan aiki. A 2024 wannan ɗakin binciken ya ƙera zobba na musamman masu riƙe PKR, ya ba ɓerayen da aka sa wa ciwo mai kama da soriyasis, kumburin fatarsu ya ragu.

8. Taro ya tantance hanyoyi uku da ake bi wajen neman magani. Akwai kashe zoben da ke cutarwa ta hanyar auna mahaɗarsa. Akwai mayar da zoben da ya ragu. Akwai kuma ƙera zobe a matsayin ɗan aike da zai sa jiki ya haɗa furotin da ake bukata na tsawon lokaci, hanyar da masu bincike a cibiyar MIT ta Amurka suka nuna ingancinta a 2018. Taro ya kuma tuna cewa a 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Vyjuvek, maganin gyaran gado da ake shafawa a raunin yaran da aka haifa da cutar saɓulewar fata. Wannan magani ba na zoben RNA ba ne, amma ya tabbatar da cewa fata gaɓa ce da irin wannan magani zai iya kai wa gare ta kai tsaye.

9. Duk da haka, taro ya tsaya sosai a kan raunin hujjojin. Yawancin nazarin an yi su ne da marasa lafiya 'yan ƙalilan, ko a kwanon gwaji, ko a jikin ɓera, kuma fatar ɓera ta sha bamban da ta mutum wajen kauri da yadda take warkewa. Manhajojin kwamfuta da ke nemo zobba sukan ba da sakamako mabambanta daga samfuri ɗaya. Ra'ayin cewa kowane zobe tarko ne na ƙananan RNA ya wuce gona da iri, domin kaɗan ne ke da gurabe masu yawa irin na ciRS-7. Hasali ma a 2020 masu binciken Aarhus sun gano cewa a dajin hanji, ciRS-7 ba a cikin ƙwayoyin dajin yake ba, yana cikin ƙwayoyin da ke kewaye da su ne, alhali an buga maƙaloli da dama bisa zaton akasin haka. Ga kuma wahalar shigar da maganin: saman fata katanga ce da manyan sinadarai irin RNA ba sa ratsawa da kansu, kuma zoben da ba a tace shi da kyau ba na iya tayar da garkuwar jiki.

10. Taro ya nuna damuwa cewa kusan duk abin da aka sani an samo shi ne daga marasa lafiya a Turai, da Amurka, da ƙasar Sin. Alamar cutar da aka gwada a wata al'umma ba a ɗora ta a kan wata sai an sake gwadawa.

Matsayar taro

Bayan tattaunawa, taro ya amince da waɗannan matakai:

1. Ƙungiya ta bayyana ƙarara cewa har zuwa wannan zama babu wani gwajin zoben RNA da aka amince a yi aiki da shi wajen gano wata cutar fata, babu kuma wani maganin zoben RNA da aka yi wa rajista domin cutar fata. Kada wani ɗan ƙungiya ya rubuta wa marar lafiya irin wannan gwaji ko ya karɓi kuɗinsa a kansa, sai a cikin binciken da kwamitin ɗa'a ya amince da shi, kuma kyauta.

2. Duba marar lafiya da ido da hannu, da jin tarihin ciwonsa, da yanko tsoka a duba a madubin likita, su ne ginshiƙan gano cututtukan fata a yau. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

3. Za a fara shirin adana samfuran fata da jini a asibitocin koyarwa inda 'yan ƙungiya ke aiki, tare da cikakken bayanin kowane marar lafiya da hoton ciwonsa. Taro ya ba da shawarar a samar wa firji masu tsananin sanyi wutar sola, a kuma kula da tsoffin tsokokin da aka adana cikin kakin farafin a sassan binciken cututtuka, domin ana iya auna zobban RNA a cikinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

4. Za a ba da fifiko ga cututtukan da suka fi damun mutanenmu: dajin fatar zabiya, melanomar tafin ƙafa, dajin Kaposi, gyambon ciwon suga, soriyasis da lufus a baƙar fata, da kuma tabon nan mai tsiro da kumburi da ke biyo bayan hujin kunne, ko ƙuna, ko tiyata, wanda ya fi yawa a baƙar fata kuma yakan dawo bayan an yanke shi.

5. Duk ɗan ƙungiyar da zai yi bincike a wannan fage ya bi ƙa'idojin da masana suka buga a mujallar Nature Methods a 2022. Ya tabbatar da cewa abin da ya gani zobe ne ta hanyar gwada shi da sinadarin RNase R, ya karanta jerin mahaɗar, ya sake tabbatarwa da wata hanya ta daban, sannan ya gwada sakamakon a wani rukunin marasa lafiya. A buga sakamako ko da bai zo yadda aka so ba.

6. Ba za a ɗauki samfurin kowa ba sai da yardarsa, bayan an yi masa bayani da harshen da yake ji. Takardar neman yarda ta kasance da Hausa, a boko da ajami, a kuma karanta wa wanda ba ya karatu a gaban shaida. A Najeriya za a bi ƙa'idojin Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa da Dokar Kare Bayanai ta 2023.

7. Ƙungiya tana maraba da haɗin gwiwa da cibiyoyin ƙasashen waje, bisa sharaɗin rubutacciyar yarjejeniya kafin samfuri ya bar ƙasa, da horar da matasanmu, da sanya sunan wanda ya yi aiki a inda ya cancanta. Za a kuma nemi haɗin kai da cibiyoyin cikin gida da suka riga suka ƙware, irin su cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede, wadda ta fara karanta jerin gadon ƙwayar korona a Afirka a watan Maris na 2020, da kuma takwarorinmu na Jamhuriyar Nijar.

8. Za a shirya horo ga ɗalibai kan nazarin bayanan gado da kwamfuta. Rumbunan bayanai irin su circBase a buɗe suke kyauta a intanet, don haka ɗalibi mai kwamfuta da malami nagari zai iya fara aiki tun kafin a gina ɗakin gwaji.

9. An kafa kwamitin da zai zauna da masana harshe domin daidaita kalmomin wannan ilimi da Hausa. Kafin ya kammala, ƙungiya za ta ci gaba da amfani da "zoben RNA".

Kira

Taro yana kira ga gwamnatocin tarayya da na jihohi da su ƙara guraben horar da likitocin fata da masu duba tsoka, domin binciken zamani ba ya tsayawa a inda babu wanda zai tabbatar da sunan cuta. Yana roƙon asusun TETFund da sauran masu ba da tallafin bincike su ware kaso ga cututtukan fata.

Yana kira ga hukumar NAFDAC da ta sa ido kan masu tallata mai ko allura da sunan RNA ko gyaran gado, ta kuma ƙara matsa lamba kan mayukan bilicin masu ɗauke da sinadarai masu lahani, waɗanda illarsu ke cika ɗakunan duba marasa lafiya.

Yana roƙon 'yan jarida da su riƙa faɗa wa masu sauraro ko a ɓera aka yi bincike ko a mutum, kuma mutum nawa, kafin su yi shelar an samo magani.

Yana roƙon iyayenmu sarakuna da malamanmu da su ci gaba da wayar da kan jama'a cewa zabiyanci gado ne daga Allah, soriyasis kuma ba ya yaɗuwa ta gaisawa ko cin abinci tare. Wakilan zabiya sun roƙi taro da kada zancen maganin gobe ya mantar da bukatar yau: malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu, man kariya daga rana a farashi mai sauƙi, wurin zama a inuwa a makaranta, da duba fata a kai a kai. Taro ya amince da roƙonsu baki ɗaya, ya kuma ɗauki alkawarin fita duba fata kyauta a ranar 13 ga Yuni, ranar zabiya ta duniya, da 29 ga Oktoba, ranar soriyasis ta duniya.

Rufewa

 Hukuncin taro shi ne zoben RNA ilimi ne na gaskiya da ya cancanci a sa masa ƙarfi da dukiya, amma bai kai matsayin shiga ɗakin duba marasa lafiya ba tukuna, kuma wajibi ne a gwada shi a fatar mutanenmu kafin ranar ta zo.

Ga sauran jama'a, saƙonmu ɗaya ne. Duk wanda ya ga baƙin tabo a tafin ƙafarsa yana girma ko yana sauya kama, ko rauni ya yi makonni bai warke ba, ko wani tsiro a fata yana zubar da jini, ya je asibiti ba tare da jinkiri ba. Dajin fata da aka gano da wuri ana yanke shi a warke, da kayan aikin da muke da su a yau.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a wannan aiki.

Sa hannu:
Shugaban Ƙungiya
Sakataren Kwamitin Rubuta Sanarwa